Jan Nama da Ciwon Sukari: A Auna Ruwaya Kafin a Yanke Hukunci

Ana saura ƴan kwanaki Babbar Sallah, wani saƙon murya ya zaga wayoyin danginmu a WhatsApp. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, amma ya ce likitocin Amurka sun tabbatar da cewa jan nama yana jawo ciwon sukari, har ya ambaci kashi 62 cikin ɗari. Gwaggona, wadda ke zaune a wani ƙauye kusa da Damagaram, da ta ji saƙon sai ta ce ita kam ta haƙura da naman layya bana. Baiwar Allah nan tuwon hatsi da miyar kuka ne cimarta, sai fura da rana, kuma nama ba ya shiga tukunyarta sai ranar suna ko biki. A makon nan dai wani abokina, ma'aikacin ofis a Yamai, wanda ba ya komawa gida sai ya tsaya wurin mai tsire, ya saurari saƙon ya bushe da dariya. Ya ce ai Turawa kullum da sabon zance suke kwana, yau su ce ƙwai guba ne, gobe su ce magani ne.

Dukansu biyu sun yi kuskure, kuma abin takaicin shi ne wadda maganar ba ta shafa sosai ba ita ta tsorata, wanda ta shafa kuwa shi ya yi watsi da ita. Gwaggo ta karɓi labari ba ta tambayi a kan wa aka yi shi ba. Abokina ya jefar da labari bai tambayi ƙarfin hujjarsa ba.

Mu da muka tashi a gaban malamai mun san cewa ruwayoyi ba darajarsu ɗaya ba. Malaman hadisi sun kasa su zuwa ingantacce da kyakkyawa da mai rauni da ƙagagge, suna duba wanda ya faɗa, da wanda ya ji daga gare shi, da ƙarfin haddarsa, da amanarsa. Ba ina daidaita binciken abinci da ilimin addini ba ne, tarbiyyar tunanin kaɗai nake son mu ara. Ra'ayina shi ne, maganar jan nama da ciwon sukari ruwaya ce mai matsakaicin ƙarfi: ta isa ta sa mai yawan cin nama ya rage, ba ta kai ta sa talaka ya bar ɗan abin da yake samu ba. Ga dalilaina.

Abin da binciken ya ce

Adadin nan na kashi 62 ba ƙage ba ne. Ya fito ne daga wani bincike na makarantar kiwon lafiyar al'umma ta Jami'ar Harvard, wanda aka buga a watan Oktoba na 2023 a mujallar American Journal of Clinical Nutrition. Masu binciken sun yi amfani da bayanan mutum 216,695, ma'aikatan jinya da sauran ma'aikatan lafiya na Amurka, waɗanda aka bi diddigin rayuwarsu, wasu har tsawon shekara 36. Duk bayan shekara biyu zuwa huɗu ana ba su takardar tambayoyi su faɗi abin da suka saba ci. Cikinsu fiye da mutum 22,000 sun kamu da ciwon sukari nau'i na biyu, wato irin wanda ya fi kama manya, wanda jiki ke daina amsa wa sinadarin insulin yadda ya kamata. Da aka kwatanta rukunin da ya fi kowa cin jan nama da rukunin da ya fi kowa ƙarancin cinsa, sai aka ga haɗarin na farko ya ɗara da kashi 62 cikin ɗari.

A watan Agusta na 2024 wani bincike mafi faɗi ya fito a mujallar The Lancet Diabetes and Endocrinology, ƙarƙashin jagorancin masana na Jami'ar Cambridge da ke Ingila. Sun haɗa bayanan mutum kusan miliyan biyu daga rukunoni 31 a ƙasashe 20. Suka samu cewa cin giram 50 na sarrafaffen nama a kullum yana tafiya da ƙarin haɗari na kashi 15 cikin ɗari, cin giram 100 na jan nama wanda ba a sarrafa ba kuwa yana tafiya da ƙarin kashi 10.

Jan nama a nan yana nufin naman dabbobi masu shayarwa: shanu, tumaki, awaki, raƙuma da makamantansu. Sarrafaffen nama kuwa shi ne wanda aka yi wa gishiri, ko aka kyafe, ko aka zuba wa sinadaran adanawa don ya daɗe, kamar naman gwangwani da tsiran Turawa.

Wannan aiki ne na shekaru, na mutane masu ilimi, kuma bai kamata a raina shi ba. Sai dai a lura da kalmar da na yi amfani da ita: "yana tafiya da". Masu binciken da kansu haɗi suka gani tsakanin abu biyu. Mai saƙon murya ne ya mayar da haɗin ya zama hukunci. Hausawa kuwa sun ce kama da wane ba wane ba ne.

Inda raunin yake

Rauni na farko yana wurin hadda. Dukkan ginin nan an ɗora shi ne a kan abin da mutane suka tuna sun ci. Mai karatu ya gwada kansa: sau nawa ka ci nama a watan jiya, kuma giram nawa a kowane zama? Masana sun daɗe da gano cewa mutane kan rage adadin abin da suka ci idan an tambaye su, kuma masu ƙiba sun fi yin haka. Masu binciken Harvard sun san da wannan, sun kuma yi ƙoƙarin gyara shi ta hanyar sa wasu daga cikin mahalartan su auna abincinsu da sikeli su rubuta. Gyaran yana rage kuskure, amma ba ya shafe shi.

Rauni na biyu ya fi wannan nauyi, shi ne ƴan rakiya. A Amurka, wanda ya fi cin jan nama galibi shi ne kuma ya fi ƙiba, ya fi shan taba, ya fi ƙarancin motsa jiki. Namansa kan zo ne cikin burodi, da soyayyen dankali a gefe, da lemon kwalba a hannu. Wanda ya guji nama kuwa sau da yawa mutum ne mai kula da lafiyarsa ta kowace fuska. To, idan ciwo ya zo, wane ne mai laifi cikin wannan ayari? Masu lissafi suna da dabarun cire tasirin ƴan rakiyar da suka sani, amma ba za su iya cire wanda ba su auna ba, ko wanda suka auna a karkace. A binciken Harvard ɗin kansa, da aka sa nauyin jiki cikin lissafi, haɗin ya ragu da kimanin rabi. Ana iya fassara wannan ta hanya biyu: ko dai nama yana jawo ƙiba ita kuma ta jawo ciwon, ko kuwa masu ƙiba ne dama suka fi cin nama. Lissafi shi kaɗai ba ya raba wannan gardama.

Tarihi ya nuna cewa wannan tsoro yana da tushe. Shekaru da dama binciken bibiya yana nuna cewa masu yawan sinadarin beta-karotin a jininsu, wanda ake samu a karas da ganyaye, sun fi tsira daga sankarar huhu. Sai aka yi gwaji na gaske a ƙasar Finlan a kan maza 29,133 masu shan taba, aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su ƙwayar sinadarin, wasu ba a ba su ba. Da sakamakon ya fito a 1994, sankarar huhu ta fi yawa da kashi 18 cikin ɗari a wurin waɗanda suka sha ƙwayar. Haɗin da aka gani tun farko gaskiya ne, fassarar da aka yi masa ce ta kauce.

Rauni na uku shi ne girman abin. Shan taba yana ninka haɗarin sankarar huhu sau goma sha biyar zuwa talatin. Haɗi mai wannan girma, babu ɗan rakiyar da zai iya ƙirƙiro shi. Ƙarin kashi 10 ko 15 cikin ɗari kuwa yana cikin iyakar abin da kuskuren awo da ƴan rakiya za su iya haifarwa. Haka kuma kashi cikin ɗari yana ruɗar kunne. A ɗauka, don misali kawai, cewa cikin mutum 100 da ba sa cin nama sosai, 10 ne za su kamu da ciwon a wasu shekaru. Ƙarin kashi 10 cikin ɗari yana nufin 11 maimakon 10. Ƙarin kashi 62 yana nufin 16 maimakon 10. Gwaggo ta fahimci cewa cikin masu cin nama 100, mutum 62 za su kamu, kuma na tabbata da yawa daga cikin waɗanda suka ji saƙon haka suka fahimta.

A 2013 wasu masana biyu, Jonathan Schoenfeld da John Ioannidis, suka buɗe wani littafin girke-girke suka zaɓi kayan abinci 50 ba tare da tsari ba, sannan suka nemi abin da aka rubuta a kansu. Guda 40 daga ciki an taɓa buga binciken da ya alaƙanta su da cutar sankara, wasu ana cewa suna jawo ta, wasu ana cewa suna kare ta, wasu ma duka biyun. Dariyar abokina ta Yamai daga irin wannan ta samo asali, kuma ba zan ce ba shi da hujja ko kaɗan ba.

Rigimar 2019 da maganar kuɗi

A watan Oktoba na 2019 mujallar Annals of Internal Medicine ta buga rahoton wani kwamiti na mutum 14, ƙarƙashin jagorancin Bradley Johnston na Jami'ar Dalhousie da ke Kanada. Kwamitin ya sake duba binciken da aka tara a kan nama da ma'aunin da ake auna hujjar magunguna, ya ce ƙarfin hujjar kaɗan ne. Ya lissafa cewa idan mutum dubu suka rage cin jan nama sau uku a mako, masu kamuwa da ciwon sukari za su ragu da kimanin 6, idan sarrafaffen nama ne kuwa da kimanin 12. A kan haka mafi yawan ƴan kwamitin suka ba da shawarar manya su ci gaba da cin abin da suka saba, uku daga cikinsu suka ƙi amincewa.

Masanan Harvard da wasu ƙungiyoyin lafiya suka yi ca a kan rahoton. Hujjarsu ita ce, ma'aunin da aka yi don ƙwayar magani bai dace da abinci ba. Ana iya ba mutum ƙwaya ta gaske ko ta bogi bai san wadda ya sha ba, amma ba a iya ɓoye wa mutum cewa nama yake ci, ba a kuma iya tsare dubban mutane shekara ashirin a kan abinci guda. Idan sai an samu irin wannan gwaji za a yi magana, to ba za a taɓa magana ba. Suka kuma ce 6 ko 12 cikin dubu ƙaramin abu ne ga mutum ɗaya, amma a ƙasa mai mutum miliyoyi ya zama dubban marasa lafiya.

Abin lura shi ne ɓangarorin biyu ba su yi saɓani mai yawa a kan alƙaluman ba. Saɓaninsu yana kan abin da ya kamata a yi da hujja mai rauni. Wannan kuwa tambaya ce ta hikima da auna maslaha, kuma mai karatu yana da damar sa baki a cikinta.

Bayan fitar rahoton sai jaridar New York Times ta bayyana cewa Johnston ya taɓa jagorantar wani bincike a 2016 da ya raunana shawarwarin rage shan sukari, da kuɗin wata cibiya da kamfanonin abinci ke ɗaukar nauyinta. Wannan ba sabon abu ba ne a fagen. A 2016 masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka tono takardun da suka nuna cewa ƙungiyar masana'antar sukari ta Amurka ta biya wasu masanan Harvard kuɗi don rubuta wani nazari da aka buga a 1967, wanda ya sassauta laifin sukari a ciwon zuciya ya ɗora shi a kan kitse. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma kuɗi ba shi kaɗai ke karkatar da mutum ba. Malamin da ya shekara arba'in yana kare wani ra'ayi, shi ma yana da abin da zai rasa idan ra'ayin ya faɗi. Sanin wanda ya biya kuɗin bincike dalili ne na ƙara sa ido, sannan a koma a duba hujjar kanta.

Me ya sa ban yi watsi da ruwayar ba

Duk da raunin da na lissafa, abubuwa uku sun hana ni bin abokina. Na farko, haɗin yana maimaituwa. An gan shi a Amurka, an gan shi a Turai, an gan shi a sassan Asiya, wurare masu al'adun ci daban-daban, ko da yake ƙarfinsa ya bambanta daga yanki zuwa yanki. Ruwaya mai rauni idan ta zo ta hanyoyi da yawa masu zaman kansu takan ƙarfafa. Na biyu, haɗarin yana hawa ne daidai da yawan abin da aka ci, kuma ya fi girma a sarrafaffen nama, kamar yadda hankali zai yi tsammani. Na uku, akwai hanyoyin da jiki zai iya cutuwa waɗanda aka sani. Jan nama yana ɗauke da nau'in sinadarin ƙarfe da jiki ke zuƙa cikin sauƙi, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa masu cutar gado da ke tara ƙarfe a jiki sukan kamu da ciwon sukari. Ga kitse mai daskarewa, ga gishiri da sinadarin naitirait a naman gwangwani, ga kuma sinadaran da ke samuwa idan nama ya babbake a kan wuta mai tsanani.

A ɗaya gefen, gwaje-gwajen ƙuri'a na ƴan makonni ko watanni, inda ake ciyar da wasu jan nama wasu kuma wani abu daban, galibi ba su nuna wani babban canji a sukarin jini ko insulin ba. Sai dai gajeru ne, ciwon sukari kuwa shekaru yake ɗauka yana ginuwa, kuma wasunsu da kuɗin masana'antar naman shanu aka yi su. A 2022 wata cibiyar ƙididdigar lafiya ta Jami'ar Washington ta auna hujjojin duka a mujallar Nature Medicine, ta ba alaƙar jan naman da ba a sarrafa ba da ciwon sukari tauraro biyu cikin biyar, ma'ana akwai alama amma mai rauni. A ganina wannan shi ne hukuncin da ya fi kusa da adalci.

A kan wa aka yi binciken?

Nan ne maganar ta iso gida. Mahalarta binciken Harvard mafi yawansu farar fata ne, mafi yawansu mata, masu ilimi da albashi, a ƙasar da alƙaluman Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke nuna cewa rabon kowane mutum na nama ya haura kilo 100 a shekara. A Najeriya rabon bai kai kilo 10 ba. Rukunin da ya fi cin nama a binciken yana cin kusan kaso biyu a kowace rana. Rukunin da ake kira mai ƙarancin ci a can ma, zai yiwu ya fi gwaggona cin nama nesa ba kusa ba. Cikin rukunoni 31 na binciken Cambridge kuwa, babu ko ɗaya daga Afirka kudu da Sahara, kuma masu binciken da kansu sun yi kira da a zuba jari a bincike a nahiyar.

Sannan tambayar da ake yawan mantawa ita ce: idan an bar nama, me za a ci a madadinsa? Binciken Harvard ya lissafa cewa maye gurbin kaso ɗaya na nama da wake ko dangin gyaɗa yana tafiya da raguwar haɗari na kashi 30 cikin ɗari, da madara ko dangoginta kuma kashi 22. Amma a gidan talakanmu wanda ya bar nama, abin da zai cike gurbin shi ne ƙarin tuwo, ko farar shinkafa, ko taliya, ko burodi da shayi mai sukari. Irin binciken bibiyar da ya zargi nama ya zargi farar shinkafa da lemon kwalba su ma, kuma duk raunin da na faɗa ya shafi wannan zargin. Saboda haka ba a yi wa mutum alheri ba idan aka raba shi da tsoka ɗaya aka ƙara masa malmala.

Ga kuma wani ciwo da saƙon muryar bai ambata ba. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan rabin matan Nijar da ke shekarun haihuwa suna fama da ƙarancin jini, kuma a ƙananan yara abin ya fi haka muni. Dalilan suna da yawa, har da zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki, amma ƙarancin ƙarfe a abinci yana cikin manyansu. Sinadarin ƙarfen da ake zargi a jikin Ba'amurke mai ƙoshi, shi ne abin da mai juna biyu a karkarar Tawa ko Maradi take nema ido rufe. Saƙon da ya hana ta cin hanta ko tsokar akuya zai iya cutar da ita yau, don tsoron wani ciwo da hujjarsa ba ta gama tsayuwa ba.

Kilishi fa? Hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, a bayaninta na 2015, ta sa busasshen nama mai gishiri cikin sarrafaffen nama, don haka a ma'anar kalma kilishi ya shiga. Amma kilishin gargajiya da tunkuza da yaji da rana ake yinsa, ba da sinadaran adanawa na masana'anta ba, kuma rukunonin da aka bibiya a Amurka da Turai ba shi suke ci ba. Wanda ya ɗora wa kilishi alƙaluman naman gwangwani ya yi kiyasi ne, wanda kuma ya wanke shi tas shi ma kiyasi ya yi.

Kada wannan ya sa mu sakankance. Ciwon sukari yana nan yana yaɗuwa a cikinmu. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da shi a yankin Afirka, fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma adadin zai iya kai miliyan 55 a 2045. Wani bincike da aka buga a 2016 a kan ƴan Gana ya nuna hanyar da ciwon ke bi: a tsakanin maza, kimanin kashi 4 cikin ɗari ne ke da shi a karkarar Gana, kimanin kashi 10 a biranenta, kimanin kashi 15 a tsakanin waɗanda ke zaune a Balin ta Jamus. Jama'a ɗaya ce, rayuwa ce ta sauya. Zaman ofis, babur da mota maimakon ƙafa, teɓa, sukari a kowane kofi, mai a kowace tukunya, da nama kullum ga mai hali, duk tare suka shigo birni. Abokina yana tsakiyar wannan ayari, kuma shi ne ya fi kama da mutanen da aka bincika.

Abin da ya fi tabbata

Akwai ruwayar da ta fi ta nama ƙarfi, domin ta fito ne daga gwajin ƙuri'a, amma ba a yaɗa ta a wayoyi. A 2002 aka buga sakamakon wani gwaji a Amurka a kan mutum 3,234 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari. Rukuni ɗaya an taimaka masa ya rage kashi 7 cikin ɗari na nauyin jiki, ya kuma motsa jiki minti 150 a mako, wato tafiya mai sauri ta rabin awa sau biyar. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin ɗari a wannan rukuni, yayin da maganin metformin ya rage ta da kashi 31. Wani gwaji a Finlan a 2001 ya samu raguwar kashi 58 shi ma, kuma tun kafin su an ga irin wannan amfani a birnin Da Qing na ƙasar Sin. Ƙasashe uku, al'ummomi uku, sakamako mai kama da juna. Wannan ita ce ingantacciyar ruwaya a babin rigakafin ciwon sukari.

Saboda haka na ce wa gwaggo ta ci naman layyarta da bismilla, ta kuma tabbatar surukarta mai ciki ta samu rabo mai kyau. Abokina kuwa na ce masa ya rage tsayawa wurin mai tsire. Asusun binciken sankara na duniya ya ba da shawarar kada a wuce giram 350 zuwa 500 na dafaffen jan nama a mako, wato kamar sau uku, kuma a ƙaurace wa sarrafaffen nama gwargwadon iko. Hujjar ba ta kai yaƙini ba, amma ragewar ba za ta cutar da shi da komai ba, ga wake da gyaɗa da kifi da nono a kasuwa. Idan abin da za a rasa kaɗan ne, hujja matsakaiciya ta isa a yi aiki da ita. Idan abin da za a rasa babba ne, kamar jinin mai ciki, sai an nemi hujja mai ƙarfi. Na kuma gaya masa abin da ya fi muhimmanci: ya je a auna sukarin jininsa, ya auna ƙugunsa, ya ajiye babur wani lokaci ya taka da ƙafa.

Sauran magana tana kan ɗalibai da malamanmu. Muddin ba mu da namu binciken bibiyar, za mu ci gaba da aron ma'aunin wasu muna auna tukunyarmu. Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da ta André Salifou a Damagaram, da ta Bayero a Kano, da ta Ahmadu Bello a Zariya, duk suna kewaye da makiyaya masu rayuwa a kan nono, da manoma masu rayuwa a kan gero, da ƴan birni masu rayuwa a kan shinkafa da tsire. Tambayar yadda za a auna cimar mutanen da ke sa hannu a kwano ɗaya ita kanta aikin digiri ce, domin takardar tambayoyin da aka tsara wa mai cin abinci a farantinsa shi kaɗai ba za ta yi aiki a gidajenmu ba.

Kafin a kai ga wannan, duk lokacin da saƙo irin wancan ya shigo wayarka, ka tsaya ka yi masa tambaya huɗu kafin ka tura wa wani. Su wa aka bincika? Bibiya aka yi ko gwajin ƙuri'a? Mutum nawa ne cikin dubu abin ya shafa? Idan an bar wannan abinci, me za a ci a madadinsa? Idan mai saƙon bai amsa ko ɗaya ba, ka bar shi a wayarka, kada ya kai ga kunnen wata gwaggon.